Ƙyallen Damisa na Uwar Juli

Duk macen da ta yi tashe a Gombe tsakanin zuwan jirgin ƙasa da lokacin Udoji, in ta ce ba ta taɓa sa ɗan ratsin damisa a jikin riga ba, to ko dai ta manta ko kuwa ba a gayyatarta biki. Yanzu in an tambaye su inda yayin ya fito sai su ce daga Legas. Legas ɗin wa? Daga ɗakin da ke jikin nawa ya fito, a wani gidan haya a Bolari, daga keken ɗinkin wata 'yar Tangale mai suna Hilda. Ni Hadijatu mai tuwon tasha ni na sani, don bango ɗaya ya raba mu, bangon ma har tari ana ji ta cikinsa.

Hilda daga wajen Billiri ta zo. Gajera ce, baƙa, ba ta da yawan magana, kullum da allura a gefen baki. A wurin matan mishan ta koyi ɗinki. Mijinta Ernest kuwa Ibo ne, ma'aikacin reluwe, tare da layin dogo ya shigo garin. Dogon mutum, fari, ga dariya har tsakar gida ta amsa, ga wata irin Hausa mai sa ciwon kai. Ya ji matarsa tana ce mini Adda, wato yaya, shi ma ya ɗauka, ko da yake na tabbata ya girme ni. 'Yarsu ɗaya, Juliana, muna ce mata Juli. Ita kuma Dada take ce mini, wato uwa, kuma a gindin murhuna ta koyi tafiya.

Wata rana Ernest ya dawo daga Fatakwal da tsaraba, turmi guda na yadi mai zanen fatar damisa. Ba mu taɓa ganin irinsa ba. Jikinsa ruwan zuma, rodi-rodinsa baƙaƙe, a tsakiyar kowane ɗigo da ɗan ja-ja. Ya baza shi a tsakar gida yana washe baki, ya ce a garinsu damisa ta manya ce, don haka a ɗinka buba da zani da ɗankwali, matarsa ta shiga coci ranar Lahadi kowa ya san ta shigo.

Hilda ta daɗe tana kallon yadin. Ta cire allura daga baki ta ce, "In na sa wannan duka, karnukan Bolari za su raka ni har ƙofar coci."

Na yi dariya har na ƙware. Ernest ya yi fushi na rabin yini. Ita kuwa ta ɗauki almakashi ta yanko ɗan abin da bai kai taƙi ɗaya ba, ta yi wa wata farar rigar Juli kwala da shi, ta ninke sauran ta sa a akwati. Da yarinyar ta fito da rigar, uban da kansa ya yaba. Farar riga ce kawai, amma kwalar nan ta sa ido ba ya iya barinta. Ni ma da bakina da ba ya yabon komai, sai da na ce kai, wannan mata ta san hannunta.

Ba zan tsaya ba da labarin abin da aka yi wa Ibo a garin nan a shekarar sittin da shida ba. Waɗanda suka yi sun san kansu. Abin da ya shafe mu shi ne, Hilda ta tafi Billiri jinyar mahaifiyarta, ta bar Juli a hannuna da na ubanta, don yarinyar ba ta daɗe da tashi daga ƙyanda ba. Da hantsi muka ji ihu ta wajen kasuwa. Can sai ga Ernest ya faɗo gida, riga a yage. Na tura shi bayan buhunan dawa a ɗakina, na zauna a bakin ƙofa ina tankaɗe, duk wanda ya leƙo in zage shi tas. Da la'asar wani abokin aikinsa ya zo ya ce akwai jirgin da zai kwashe su zuwa kudu, a yi sauri.

Na ce, "Ernest, bar mini Juli. Uwarta na nan tafe."

Ya ce, "Adda, duba fuska nata. Kowa ya sani yarinya nawa ne."

Gaskiya ya faɗa, yarinyar kamar ya yi kaki ya tofar. Na miƙa hannu kan igiyar shanya na jawo abin da na fara taɓawa, farar rigar nan mai kwala, ko gama bushewa ba ta yi ba. Na zura mata. Ya saɓa ta a kafaɗa, ta juyo tana ce mini, "Dada, ki ajiye mini ƙanzo." Shekararta huɗu.

Da hanya ta buɗe Hilda ta dawo. Ta tsaya a ƙofar ɗakinta ta dubi gado, ta dubi takalman aikin Ernest. Na shirya riƙe ta in ta faɗi, amma ba ta faɗi ba, ba ta ma yi kuka ba. Ta juyo ta ce, "Adda, wace riga ta sa?"

Na gaya mata. Sai ta buɗe akwati ta ciro yadin, ta rungume shi, ta zauna a ƙasa.

Washegari ta fito da baƙin zani, ta ɗinka masa ratsin damisa mai faɗin yatsa biyu, tsaye a gaba, ya tsaya ɗan sama da gwiwa. Na ce mata wannan wane irin kwalliya ne a cikin wannan hali? Ta ce, "Yaro yana manta fuska, Adda. Ni ban iya tuna fuskar babana ba, amma jar hularsa tana idona har yau. In ta dawo ba za ta gane ni ba. Za ta ga abin da ke wuyanta a jikina, ta zo da kanta." Na ce to me ya sa a gwiwa? Ta ce nan idon Juli yake kaiwa.

Tun daga ranar Hilda ba ta ƙara taka waje ba sai da damisa a jikinta. Amma turmi ɗaya gare ta, kuma ba ta san tsawon jiran ba, don haka ta riƙa tattalinsa kamar gishiri a lokacin yaƙi. Ɗan siriri a bakin aljihu. Maɓallai uku da aka lulluɓe da shi. Wani zubin ɗamara ce ƙarama a kan siket ruwan ƙasa. In tufa ta tsufa sai ta warware ratsin a hankali, ta wanke, ta goge da dutsen guga, ta mai da shi kan wata. Duk ranar da jirgin fasinja zai shigo, tana tasha a tsaye a inda mai saukowa ba zai kauce mata ba. Mutanen unguwa suka daina ce mata Hilda, suka koma Uwar Juli.

Ga inda abin ya zama abin dariya, in da akwai mai ƙarfin yin dariyar. Matan gari suka ɗauka gayu take yi. Malaman makaranta suka fara zuwa, sai nas-nas, sai matan ma'aikata, daga baya har matan attajiran unguwar Shamaki suna aiko da gyale a sa musu a baki. Malam Inuwa, wani Bakatsine mai rumfar yadi a kasuwa, inda Hilda take sayen zare, ya ga ciniki ya fara kawo mai kama da shi daga Kano. Nasa ya fi rawaya, kuma babu jan nan a tsakiyar ɗigo. Da shi take yi wa mutane. Nata kuwa ko matar wa ce ke, ba ki isa ta yankar miki ko faɗin farce ba.

Tana da dokokinta, kuma ba ta sassautawa. "Damisa ɗaya a jiki ɗaya," haka take cewa. "In kin sa a ɗankwali, ki bar jaka ta huta." Ba ta ɗora shi a kan atamfa mai furanni, sai a kan baƙi, ko fari, ko ruwan ƙasa, ko shuɗi mai duhu. Wata ta taɓa kawo mai zanen jakin dawa tana so a haɗa mata da damisa a riga ɗaya, Hilda ta ce, "Baiwar Allah, ko a daji waɗannan biyun ba sa zama wuri ɗaya." Mai ƙiba takan ba ta ƙananan ɗigo, siririya ta ba ta manya. Mai zuwa ofis a hannun riga, mai zuwa biki a wuya. In an sa shi kuma, a rage sarƙa da awarwaro, don shi kansa ya isa surutu.

Amma abin da matan nan ba su sani ba shi ne dalilin da ratsin yake hawa. Bana suka gan shi a gwiwar Uwar Juli, duk suka sa a gwiwa. Baɗi ya hau cinya, suka bi. Bayan nan ya koma ƙugu, sai aka ce yanzu ɗamara ake yayi. Ni kaɗai na san me take yi. Akwai wata yarinya a gidanmu sa'ar Juli, in shekara ta zagayo sai Hilda ta kira ta wai za ta gwada mata riga, ta tsayar da ita a gabanta, ta duba inda idon yarinyar ya kai a jikinta, ta sa alama da alli. Mata suna can suna gardamar ko yayin ƙugu ya wuce, ni kuwa ina tuƙa tuwo hawaye suna zuba, ina cewa hayaƙi ne.

Da aka gama yaƙin basasa, Ibo suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. Wani tsohon ma'aikacin reluwe ya kawo labarin cewa Ernest ya rasu tun shekarar farko, yarinyar kuma wata 'yar'uwarsa ta tafi da ita, bai san wane gari ba, bai san ko tana raye ba. Hilda ta sayar da awakinta ta hau jirgi har Inugu. Ta bi coci-coci, ta bi gidajen marayu, ba ta jin harshen, ba ta san sunan ƙauyen mijinta sosai ba, don shi kullum Fatakwal yake kira gida. Ta dawo ta rame, ƙafa a kumbure. Da safe na ji keke yana kuka ta bango. Ta ɗaga ratsin ya kai ƙirji.

Sai kuɗin mai suka shigo ƙasa, hankalin mutane ya tashi. Gombe ta cika da baƙi, aka faɗaɗa titi, gidan hayarmu ya tafi a ciki, muka koma can ƙuryar Bolari. Kasuwa ta cika da damisa, bandir-bandir, mai sheƙi, mai santsi, har da kore da ruwan hoda. Damisa ruwan hoda, jama'a! Sababbin teloli suka buɗe shaguna, su ba ruwansu da doka, abin da ka ce shi za su ɗinka. Sai ka ga mace daga ɗankwali har takalmi rodi-rodi, ga jaka, ga gyale, tana tafe tana yauƙi. Wata Hajiya Fadimatu, matar ɗan kwangila, har labulen mota ta yi da shi. Hilda takan tsaya a tashar jirgi da ɗan ratsinta a kafaɗa, a dama da ita damisa, a hagu damisa. Wata rana muna dawowa ta ce, "Adda, na ɓata a cikinsu." Sai na hau zagin masu kawo yadin.

A shekarar da Juli za ta cika sha biyar, Malam Inuwa ya tafi aikin Hajji. Ya bar rumfa a hannun abokin cinikinsa Shu'aibu, wani Bakano da bai daɗe da zuwa garin ba, mutumin kirki, mai son ya ga ya biya wa mai saye buƙata. Da Alhaji Inuwa ya dawo, ina tsakiyar sallamar masu tuwon rana sai ga shi a tsaye a kaina, fuska ba walwala. Ya ce, "Hadijatu, zo ki ji." Ya buɗe tafin hannunsa. Wani ɗan ƙyalle ne, bai fi faɗin yatsa biyu ba, ya koɗe, amma jan nan na tsakiyar ɗigo yana nan.

Ya ce a jikin ginshiƙin rumfa ya same shi, an soke da allura. Muka je na sa Shu'aibu ya faɗa mini da bakinsa.

Ya ce, "Wallahi Hajiya, wata 'yar Ibo ce, budurwa, doguwa, fara. Ba ta jin Hausa, Turancinta kuma ban gane ba. Rumfa-rumfa take bi, tana nuna wata tsohuwar kwala, kowa yana turo ta gaba, har aka turo ta nan tun da mu muka fi kowa damisa. To ke kin sani, duk wanda ya miƙo maka ƙyalle a kasuwa, irinsa yake nema. Na sauko mata da duk wanda muke da shi, tana girgiza kai. Tana nuna matan da ke wucewa, tana nuna kwalar, tana kuka. Na ce a raina wannan yadin ya shiga ranta, bari in taimaka. Na karɓa na yanki ɗan gefe, samfur, don in aika Kano a nemo mata."

Na ce, "Ka yanka?"

Ya ce, "Haka ake yi, Hajiya. Ai kuwa sai ta ƙwala ihu ta fizge abinta ta ruga. Na bi ta ina kira, ta shige cikin mutane."

Na ce ba ta faɗi sunan kowa ba? Ya yi tunani ya ce ya ji tana ta maimaita Mama, da kuma wani abu kamar Dada. Na zauna a kan bandir ɗin yadinsa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka tafi da ita. Shi kuma da ya ji labarin, ya cire hula ya rufe fuska da ita.

Alhaji Inuwa ya ce ko a rufa, kada a kashe matar nan da baƙin ciki. Na ce a'a, 'yarta ce. Na same ta a kan keke na ajiye mata ƙyallen a gabanta. Ta tsayar da ƙafa. Ta ɗauka ta kai bakin taga, ta juya bayansa, ta daɗe tana bin gefen da farce.

Ta ce, "Wannan farin zaren nawa ne." Ta matsa kaɗan. "Wannan baƙin, wata ce ta cire kwalar ta ɗora a kan wata riga. Ba ta iya ba, amma Allah ya saka mata." Ta sake matsawa. "Ga wani kuma. Ga wani. Duk rigar da ta yi mata kaɗan, sai an cire an mayar a kan sabuwa." "Adda, dubi na ƙarshen nan. Ƙanana, a jere, ba wanda ya fi wani. Hannunta ne. Ta iya ɗinki."

A nan ta yi kuka, ranar farko da na ga hawayenta. Tana yi tana cewa, "Tana raye, ta zo, ta tsaya a garin nan. Ta nemi mace ɗaya mai damisa, ta tarar da gari guda. Ni na koya musu, Adda. Da hannuna na cika garin."

Mun nema. Mun bi tashar mota, mun bi masu kayan gyaran mota, mun bi coci. Abin da muka samu shi ne, wata motar manja ce ta kawo ta, ta kwana a wurin masu sauke kaya, motar ta juya da ita. Direban ba ɗan hanyar ba ne, ba wanda ya san garinsu, kuma bai sake zuwa ba.

Hilda ta daina zuwa tashar jirgi. Ta sa aka ɗauki kekenta aka kai kasuwa, Alhaji Inuwa ya ba ta gefen rumfarsa. Ta ce wanda ya zo sau ɗaya ya san hanya. Ba ta ƙara ɗinka wa kowa damisa ba, yayin ma ya zo ya wuce kamar yadda kowane yayi yake wucewa, har ta sake zama ita kaɗai mai shi a garin. Wannan ya ɗan kwantar mata da rai. Ɗan ƙyallen kuwa ta ɗinke shi a gaban ɗankwalinta, gefe da gefe da nata. Shu'aibu bai koma Kano ba. Duk wanda ya miƙo ƙyalle a layin nan, sai ya fara tambayarsa daga ina ya zo kafin ya taɓa almakashi.

Haka ta zauna har ƙafa ta daina iya taka keke. Da ciwo ya kwantar da ita, ta sa na buɗe akwati. Abin da ya rage na turmin Ernest bai kai tafin hannu biyu ba. Ta ce in miƙo mata mayafina, baƙin nan da nake zuwa kasuwa da shi. Na ce, "Uwar Juli, ni da tsufana, da jikokina, in sa damisa? Mutanen Bolari su ce na haukace?"

Ta ce, "Kaɗan ne, Adda. Ba zai yi miki yawa ba."

Da hannu ta ɗinka, tana yi tana hutawa, ta haɗa da ɗan ƙyallen Juli a ƙarshen. Na ce a ina zan riƙa sa shi ya tsaya? Ta dube ni ta auna ni da ido, yadda take auna masu kawo ɗinki. Ta ce, "Ubanta ta ɗauko a tsawo, ta fi ki yanzu. Ki yafa shi a ka. Kuma ba sai kin ƙara ɗagawa ba, ta gama girma."

Da ta rasu, aka kai ta Billiri aka binne kusa da mahaifiyarta. Ni na bar wa 'yata tukunyar tuwo, na karɓi kujerar da ke gefen rumfar Alhaji Inuwa. Ba na saye, ba na sayarwa, 'yan kasuwa suna ce mini Dada mai damisa, ina zaginsu suna dariya. Duk doguwar mace fara da ta shigo layin, sai na gyara mayafi na miƙe zaune. Kullum kafin in fito nakan sa 'yata ta kankare mini gindin tukunya, in ƙulle ƙanzon a gefen zani.